Kiran Allah ko Son Rai? Yadda Matasan Katolika Ke Tantance Aikin Fada da Sista a Kudancin Jigawa

Da asuba a Sundimina, kiran salla ne ke tada gari. Ladanai na karɓa wa juna daga wannan unguwa zuwa waccan, kafin gari ya gama wayewa manoma sun saɓa fartanya. Haka abin yake a Birnin Kudu, haka yake a Gwaram, haka yake kusan ko'ina a Jigawa, inda Musulmi suka fi yawa nesa ba kusa ba.

A cikin wannan taro akwai 'yan tsiraru da su ma suke durƙusawa a daidai wannan lokaci, da carbin Rosari a hannu. 'Yan ɗarikar Katolika ne: ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da aiki ya kawo kudancin Jigawa, 'yan kasuwa, masu yi wa ƙasa hidima, da iyalai 'yan ƙasa waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka bar addinin gargajiya suka karɓi Kiristanci.

A irin waɗannan gidaje, wata rana yaro ɗan shekara 15 zai dubi mahaifiyarsa ya ce yana so ya zama fada. Ko yarinya ta ce ita sista za ta zama, a daina yi mata zancen miji. Amsar da suke samu ba ta cika canzawa ba: je ka yi addu'a, in Allah ne ya kira ka zai nuna.

Faɗar ba ta da wuya. Amma wace irin addu'a ake nufi? Har tsawon yaushe? Kuma in yaron ya dawo ya ce an amsa masa, wa zai tabbatar ba zuciyarsa ce ta amsa wa kanta ba?

Me ya sa maganar ta yi zafi yanzu

A Turai makarantun koyon aikin firist, wato seminari, suna ta rufewa saboda rashin ɗalibai. A Afirka kuwa wurin kwana ne ke ƙaranci. Alƙaluman da fadar Vatican ke fitarwa duk shekara na nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na manyan ɗaliban seminari a duniya 'yan Afirka ne, kuma Najeriya na sahun gaba. Seminarin Bigard da ke Enugu na cikin mafi girma a duniya baki ɗaya. Firistocin Najeriya na riƙe da majami'u a Amurka da Ingila da Ayilan, ƙasar da a da ita ce ke turo mana fada-fada.

Wannan yawa abin alfahari ne ga Cocin, amma ya zo da tambayar da ba kowa ke son ji ba. A ƙasar da mai digiri ke yawo da takardu shekara da shekaru babu aiki, me ya sa samari ke tururuwa zuwa aikin da ke ba da ilimi mai zurfi, da ɗaki, da abinci, da girma a idon jama'a? Nawa ne aka kira, nawa ne suka kira kansu?

Masu horar da ɗaliban ba sa musun cewa tambayar tana da tushe. Abin da suke cewa shi ne, an tanadi hanyar gane bambanci, kuma addu'a ce ƙashin bayanta.

Jigawa a ƙarƙashin Kano

Jigawa ba ta da bishop nata. Ita da jihar Kano suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Kano, wanda aka yanko daga Kaduna a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa kanta, ya kuma zama cikakken dayosis a 1999. Babbar majami'arsa ita ce ta Our Lady of Fatima a birnin Kano. Bishop John Namawzah Niyiring ke jagorantarsa tun 2008, bayan Bishop Patrick Sheehan ɗan Ayilan. Dukansu biyu 'yan ƙungiyar Augustine ne.

Ƙasa ce mai faɗi, mabiya kuwa a warwatse. A Sabon Gari na Kano majami'a kan cika ta batse ranar Lahadi. A karkara lamarin daban ne: fada ɗaya na iya riƙe ƙananan majami'u da dama, yana zagaya su bi da bi. Ranar da bai zo ba, katikis, wato malamin da ke koyar da addini a majami'ar, shi ne ke jan sujada, ya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, mata 'yan Zumunta su ɗauki waƙa, a tashi ba tare da an karɓi Jibin Ubangiji ba.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan batunmu. Yaron birni yana yi wa fada hidima a bagade kowace safiya, yana ganin yadda yake rayuwa, yana iya tsayar da shi a bakin ƙofa ya yi masa tambaya. Yaron ƙauye a tsakanin Birnin Kudu da Gwaram sau da yawa abin da ya sani game da fada shi ne farar riga da motar da ta kawo shi.

Addu'ar da ake nufi

Wanda ya ɗauka ana so matashi ya shiga ɗaki ya jira murya daga sama, bai fahimci koyarwar Katolika ba. Abin da ake nema aiki ne na kullum, mai gajiyarwa ma: halartar sujadar Mas, jan Rosari, karanta ɗan yanki na Linjila a tsanake a kuma zauna shiru a kansa, furta zunubi a kai a kai, sannan kafin barci a bi ranar da ta wuce daki-daki, a ga inda zuciya ta yi sanyi da inda ta ƙuntata.

Wannan bitar ta dare tana da asali. Ignatius na Loyola soja ne ɗan Sifen da harsashin igwa ya farfasa wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya, ya lura da wani abu: in ya yi tunanin suna da mata da jarumtaka, yakan ji daɗi, amma daɗin na gushewa ya bar shi fayau. In ya yi tunanin bin sawun waliyyai, natsuwar takan zauna ko bayan tunanin ya wuce. A kan wannan ɗan bambanci ya gina tsarin da har yau ake koyarwa a seminari, kuma ƙungiyar Jesuit da ya kafa ita ta ba duniya Fafaroma Francis.

Cikin ƙa'idojinsa akwai wadda ta fi amfani ga matasa: kada ka sauya shawarar da ka yanke a lokacin da zuciyarka take cikin ƙunci da duhu. Yaron da aka ci wa mutunci a makaranta ya ce gobe zai tattara kayansa, ana ce masa ya dakata. Haka ma wanda budurwa ta juya wa baya ya wayi gari yana son zama fada. Shi ma ya dakata.

Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba. Wanda zai yi aure ko wata babbar tafiya yakan yi istihara, ya miƙa zaɓi ga Allah, ya kuma haɗa da shawarar manya. Malamai da dama sun sha jan hankali cewa ba lallai amsar ta zo a mafarki ba. Nan ma haka ne. Inda suka bambanta shi ne tsawon lokaci, domin nan ana maganar shekaru, da kuma cewa akwai hukumar da za ta duba amsar ta ce ta yarda ko ba ta yarda ba.

Labarin da fada-fada suka fi bai wa yara shi ne na Sama'ila a Tsohon Alkawari. An kira shi cikin dare, ya ruga wurin tsoho Eli yana zaton shi ne, har sau uku. Eli ne ya gane abin da ke faruwa, ya koya masa yadda zai amsa. Darasin da ake cirowa shi ne yaron ya ji kiran sarai, amma da babu dattijo kusa, da bai san mai kiran ba.

Ba a barin mutum da abin da ya ji

A nan Cocin Katolika ta sha bamban da wasu sababbin majami'u, inda mutum zai ce Allah ya yi masa magana, bayan wata biyu ya kama shago ya kafa allo. A Katolika, komai ƙarfin abin da ka ji a zuciya, ba ka zama firist ba sai bishop ya kira sunanka.

Hanyar doguwa ce. Wasu na farawa daga ƙaramar seminari, irin ta St. Joseph da ke Basawa a Zariya, inda ake karatun sakandare. Daga nan sai shekara guda ta tarbiyyar ruhaniya, wadda tsarin da Vatican ta fitar a 2016 ya wajabta. Sai falsafa, sai aikin gwaji a majami'a, sai tauhidi a manyan makarantu irin St. Augustine a Jos ko Good Shepherd a Kaduna. A dunƙule, shekara tara zuwa goma bayan sakandare. Kundin dokokin Coci na 1983 ya hana naɗa firist kafin ya cika shekara 25.

Akwai wani tanadi a wannan kundi da ya cancanci a tsaya a kansa. Kowane ɗalibi yana da jagoran ruhaniya, firist da yake buɗe wa cikinsa: shakkunsa, sha'awarsa, ranakun da addu'a ta ƙi shiga. Amma ranar da malamai za su zauna su yanke ko a naɗa shi ko a sallame shi, doka ta hana a nemi ra'ayin wannan jagora, ko na firist ɗin da yake furta wa zunubi. Dalilin a fili yake. In ɗalibi ya san abin da ya faɗa a asirce zai iya jawo masa kora, ƙarya zai riƙa yi. An rufe wa jagoran baki ne don a buɗe na ɗalibin.

Saboda haka gwajin biyu ne, kowanne da ƙofarsa. Ɗaya na ciki, tsakanin mutum da Allah da jagoransa. Ɗaya na waje, wanda kowa ke gani: yana tashi sujada ko sai an buga masa ƙofa? Yaya yake da kuɗi? Yaya yake da mata da yara? In an tura shi ƙauyen da babu wuta babu ruwan famfo, yana zama ko kullum yana hanyar birni? Addu'ar da ba ta sauya hali ba, malaman seminari ba sa ba ta maki.

Kafin naɗi kuma, sai ɗan takara ya rubuta da hannunsa, ya sa hannu, cewa da yardarsa yake karɓar aikin, ba wanda ya tilasta shi. Sai ya shiga halwa ta aƙalla kwana biyar. A majami'ar garinsu akan yi sanarwa, duk wanda ya san wani abin da zai hana, ya fito ya faɗa.

Jama'a na da baki a maganar tun fil azal. Augustine, wanda ƙungiyar bishop ɗin Kano ke ɗauke da sunansa, ɗan arewacin Afirka ne, daga ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Mahaifiyarsa Monica ta shafe shekaru tana yi masa addu'a kafin ya karɓi baftisma a 387. Burinsa shi ne ya keɓe da 'yan abokai yana nazari. A 391 ya shiga majami'a a garin Hippo, jama'a suka riƙe shi suka kai gaban bishop suka ce a naɗa shi, yana kuka. Yau doka ba za ta yarda da irin wannan kamu ba, amma labarin na tuna wa ɗalibai cewa abin da suka tsara wa kansu ba shi ne ƙarshen magana ba.

Abin da ke cikin zuciyar iyaye

A ƙasar Hausa rashin aure ba ƙaramin abu ba ne. Garin da ake tashen gwauro a watan azumi, a bi marasa mata da ganga ana yi musu ba'a, ba wurin da za a yi saurin fahimtar namiji lafiyayye da ya zaɓi ya mutu ba ɗa ba jika ba ne. Kiristan karkara ma Bahaushe ne a wannan fanni. In ɗan fari ne, uba na lissafin wa zai gaji gona, wa zai riƙe ƙanne. Uwa na lissafin jikoki.

Wasu gidajen kuma matsin ta ɗaya gefen yake fitowa. A kira mace uwar fada babban matsayi ne a majami'a. Akwai yaran da tun suna goye aka yi wa Allah alkawarin su, suka tashi ba a taɓa tambayar su ba. Irin wannan yaro yana iya kai shekara ta bakwai a seminari yana sane sarai ba wurinsa ba ne, amma kunyar komawa gida ta riƙe shi.

A ganina nan ne al'umma ta fi zaluntar matasa. Wanda ya bar seminari akan bi shi da ido, a ce ya gudo, ko a yi ta raɗe-raɗin abin da ya yi aka kore shi. Alhali a koyarwar Cocin kanta, wanda ya yi addu'a da gaske ya gane aure ne hanyarsa, bai faɗi jarrabawa ba, ya ci ne. Aure ma kira ne a wurinta. Shiƙar hatsi ba ta lalace ba don wani abu ya tafi gefe, aikinta ke nan.

Masu suka

Akwai masu cewa duk wannan tsari a takarda yake da kyau. Ɗalibi mai wayo yana iya lanƙwasa kai shekara tara, ya nuna tawali'u, ya haddace abin da ake so a ji, ranar da aka naɗa shi sai halinsa ya fito. Suna nuni da firistocin da suka fi damuwa da gini da manyan motoci da zuwa ƙasar waje fiye da zagayen marasa lafiya. Inda ɗalibai suka yi yawa, jagora ɗaya na iya riƙe mutum gommai, ganawar da ya kamata ta zama ta zurfi sai ta koma gaisuwa.

Masu kare tsarin na amsawa da cewa niyya gauraye ba laifi ba ce a farko. Yaro ɗan shekara 12 da rigar fada ta burge shi ba munafuki ba ne, yaro ne. Abin dubawa shi ne ko niyyar ta tsarkaka da tafiyar shekaru. Cocin ma ta yarda addu'a kaɗai ba ta gano kowace matsala, shi ya sa ake ƙara neman taimakon masana halayyar ɗan'adam wajen tantance masu shiga, musamman bayan abin kunyar cin zarafin yara da ya girgiza ta a Turai da Amurka.

Bayan Janairun 2020

Zargin neman jin daɗi ya yi rauni a arewa tun daren 8 ga Janairun 2020. A daren ne 'yan bindiga suka shiga seminarin Good Shepherd da ke wajen Kaduna suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga Dayosis ɗin Sakkwato, gawarsa aka tsinta. Bishop Matthew Hassan Kukah ne ya yi wa'azi a jana'izarsa.

Ba a tsaya nan ba. A Oktoban 2021 an sace ɗalibai uku a seminarin Christ the King da ke yankin Kafanchan, aka sako su bayan 'yan kwanaki. A Janairun 2023 an ƙone Fada Isaac Achi a gidansa a Kafin Koro ta jihar Neja. A Satumbar 2023 ɗalibi Na'aman Danlami ya mutu a wutar da mahara suka cinna wa gidan fada a Fadan Kamantan.

Jigawa na cikin jihohin arewa da suka fi samun sauƙin wannan bala'i. Sai dai yaron da ya tashi daga kudancin Jigawa ba a Jigawa zai yi karatun ba, kuma bayan naɗi ba shi zai zaɓi inda za a kai shi ba. Uwar da ke cewa a'a yanzu ba jikoki kaɗai take tunani ba. Duk da haka makarantun ba su zama kufai ba. Tambayar da ɗalibi ke kaiwa gaban Allah ce ta ƙara nauyi: in abin ya zo kaina, zan tsaya?

'Yan mata fa?

Su ba a cika yin zancensu ba, ko da yake aikinsu ya fi bayyana a makarantu da asibitoci. Sistocin St. Louis sun iso Kano a 1948, kuma makarantarsu ta Bompai ta yaye mata Musulmi da Kirista masu yawa. Akwai sistocin Dominican a Gusau, akwai na Our Lady of Fatima a Jos.

Yarinyar da ta shiga takan yi shekarar gwaji ta aƙalla wata 12, yawancinta cikin addu'a da shiru da aikin gida. Sai ta ɗauki alkawarin talauci da rashin aure da biyayya na wucin gadi, tsawon shekara uku zuwa shida, kafin na har abada. Matsalar yarinyar karkara ita ce lokaci. Ana fara yi mata zancen aure tun kafin ta gama sakandare, ƙungiyoyin kuwa sai da takardar sakandare suke ɗauka. Da yawa kafin su gama tambayar an riga an amsa musu.

Abin da Katsina ta nuna

A Fabrairun 1982 Fafaroma John Paul na Biyu ya naɗa gomman firistoci a Kaduna. Amma sai bayan shekara 41 aka samu Bahaushe na farko da ya zama bishop na Katolika. A Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya yanko Dayosis ɗin Katsina daga Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, wanda ya zama firist tun 1996, ya riƙe shi. Danginsa na yankin Malumfashi ne, kuma mahaifinsa katikis ne da ya shafe gomman shekaru a aikin.

Wannan bayani na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci ga kudancin Jigawa. A ƙauye, katikis ne Eli. Shi ke ganin yaron da ke riga kowa zuwa sujada, shi ke jin yarinyar da tambayoyinta suka fi shekarunta. Amma yawanci ba a horar da shi kan yadda zai bi da matashi mai irin wannan tunani ba, abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba, littattafan da za su taimaka masa kuma akasarinsu da Turanci suke. Yaron da ke addu'a da Hausa, yana tunani da Hausa, sai a miƙa masa takardar neman shiga da jarrabawa da harshen da makarantar ƙauyensu ba ta koya masa da kyau ba. Ya faɗi, a ce Allah bai kira shi ba.

Tun 1964, lokacin Fafaroma Paul na Shida, Cocin ta ware Lahadi guda, wadda yanzu ita ce ta huɗu ta lokacin Ista, don yi wa masu wannan kira addu'a a duk duniya. Ana yin ta a Kano kowace shekara. Abin da ya rage wa Dayosis ɗin Kano shi ne ya fitar da ita daga birni: a tura daraktan da ke kula da masu neman shiga ya zagaya ƙananan majami'un Birnin Kudu da Gwaram, a shirya wa matasa halwar kwana biyu ko uku da Hausa a lokacin hutu, a horar da katikis-katikis, a tallafa wa yaran karkara maza da mata su gama sakandare. Iyaye kuma, in yaro ya ce zai tafi kada a ɗaure shi, in ya dawo kada a rufe masa ƙofa.